Ɓarawon Farar Wuta

Zamanin Turawa, wani mai magani a Kalgo ya koya mini tace farar wuta da kananzir don maganin ƙazuwa. Rabin bayanin kawai na saurara, ai ni malamin makaranta ne.

A gida Gwandu na haɗa su a tukunya, na ɗora bisa garwashi, na tafi la'asar. Na dawo, sai kananzir zalla! Maƙwabcina Ɗan'ige kaɗai ya san zancen, kuma gaisuwarsa ta ranar ta cika zaƙi. Na cafke rigarsa, na ja shi gaban mai unguwa.

Kafin mu iso duba tukunya, ta huce. Ga farar wuta tana ƙyalli. Ashe narkewa ta yi.

Na ce, "Ya maido ta!"

Ɗan'ige ya ce, "Malam, har yanzu rigata tana hannunka."

Har yau, ko akuyata ta ɓace, sai a ce, "Malam, bari ta huce."