Ranar da Na Kai Kabewa Makaranta

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fita zaɓar wa ɗana makarantar allo. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina ɗinki a Faskari, ga sabon keken hawa na saya, ina ji da kaina kamar ni na kafa garin.

Yaron ɗan farina ne, shekararsa huɗu, kuma sunan mahaifina ya ci. Kun san kunyar ɗan fari a wancan zamani: ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa, ba na ko kallonsa a gaban mutane, sai dai in ce "yaron nan". A zuci kuwa ko tari ya yi sai hankalina ya tashi. Shi ya sa na ƙi yarda ƙanena ya kai shi kamar yadda aka saba, na ce ni zan duba da idona inda ba za a dake shi ba, kuma ba abin da zai same shi (a fili cewa na yi hanya ce ta biyo da ni). Dabarata ita ce in riƙe keke in kau da kai, wani ya ɗora shi a baya, in na ji nauyi sai in taka.

Muka fara da gidan Malam Haruna. Yara na karatu a inuwar durumi, ba bulala a hannunsa, ga mahaifiyarsa, wata tsohuwa da ake kira Iya, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Sai idona ya faɗa kan rijiya a ƙofar gida, baki buɗe, ko murfi babu. Ai kuwa na buɗe nawa bakin. Na yi wa dattijon nan wa'azi a kan amana da sakaci, har na ce wanda bai iya rufe rijiya ba bai isa a ba shi ɗan mutane ba. Ya ci gaba da jan carbinsa. Na kama keke na kau da kai, na ji an ɗora nauyi, na taka. Ina jin Iya tana cewa in tsaya, na ɗauka magiya za su yi, sai na ƙara wuta.

Duk hanya ina ta yi wa yaron nasiha ba tare da na waiwaya ba, har ina yaba masa a raina yadda ya yi tsit.

Da na isa gidan Malam Sani a ɗaya ƙarshen garin, muka gaisa, na nuna baya da babban yatsa na ce ga yaron da ake son sawa karatu. Malam ya leƙa, ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Malam tela," in ji shi, "wanga ɗalibi ba zai yi ƙiriniya ba, amma ban taɓa biya wa kabewa ba."

Na waiwaya. Kabewa ce ƙatuwa, ɗaure da igiya. Inna lillahi! Ba abin da ya zo mini sai rijiyar nan. Ban san lokacin da na juya keke ba, hula ta faɗi ban tsaya ba. Ina isa na yar da keken, na kifa kaina a bakin rijiya, ni da ban taɓa furta sunan nan ba, na ƙwala shi da iyakar ƙarfina.

"Idrisu! Idrisu!"

Karatu ya tsaya cak. Sai na ji wata 'yar murya a bayana ta ce na'am. Yana zaune a cinyar Iya, bakinsa cike da gyaɗa, an riga an ba shi ɗan allo yana rungume da shi. Ashe kabewar kyautar baƙo ce Iya ta ɗaura mini, duk da rashin kunyar da na yi wa ɗanta, tana juyawa ta ɗauko yaron na arce. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige.

Malam Haruna bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya ce gaskiyata ce a kan rijiya, za a rufe ta. Sannan ya ƙara da cewa, "Mu dai a nan, in an ba mu yaro, muna duban fuskarsa."

Washegari ni na kawo itace da kaina aka yi wa rijiyar murfi, kuma a nan yaron ya yi karatunsa har ya sauke. Amma har na tsufa a Faskari Baban Kabewa ake ce mini. Tun daga ranar, kafin in leƙa rijiyar wani, sai na waiwaya na ga abin da na goyo.