Ranar da na yi nutso neman tukunyar su Hansatu

Duk bakin ruwan unguwarmu a Yawuri babu wadda ba ta san bakina ba. Ku matso ku ji. Amma don Allah maganar nan ta tsaya a nan, in Babanmu ya ji na shiga uku.

Babanmu mai nutso ne. Injin jirgi ya faɗa ruwa, shi ake kira. Tarun masunta ya maƙale a ƙasa, shi. Ni kuwa ko a banɗaki na kwara ruwa a ka sai na yi salati. Ba wanda ya sani. Amma wajen wanke-wanke, hmm! Duk abin da na ji yana gaya wa abokansa sai in kwaso in juye wa 'yan mata kamar nawa.

"Ai ba huhu ke nutso ba, zuciya ce," in ce. "In kina jin tsoro, ruwa ƙarya zai yi ta miki. Ni in na sauka har hutawa nake yi a ƙasa."

Su ce, "Kai, Lantana!" Ni kuma kaina ya ƙara girma.

Ran nan muna wanke-wanke, Hansatu ƙawata ta saki tukunyar ƙarfen innarta. Ƙulum! Ta nutse. Hansatu ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo, yau Inna za ta yanka ni!"

Sai wata Kulu, mai baki kamar reza, ta ce, "Kukan me? Ga 'yar mai nutso a tsaye."

Na ce, "Ai ban ci abinci ba."

"Jiya kin ce da yunwa aka fi sauka."

"Kuma kitsona sabo ne."

"Ni zan sake miki kyauta," in ji Hansatu, tana hawaye.

To ina zan sa kaina? In na ƙi, sunana ya mutu a bakin ruwan nan har in tsufa. Na ɗaure zani tamau. Na shiga, ruwa ya kawo min ƙirji. Ashe Babanmu da dutse yake sauka a hannu, kuma yana rage iska kaɗan-kaɗan. Ni ina na sani? Ko kallonsa ba na iya yi, jiri ke ɗibata. Sai na zuƙi iska, na zuƙa, na ƙara zuƙa, har na kumbura kamar tulu. Na runtse ido. Tsundum!

Jama'a, na ga duniya! Duhu. Sanyi. Kunnena na ta wuuu. Ina ta harba ƙafa, ina ji ina tafiya ƙasa, ƙasa, ƙasa. Na tuna duk ƙaryar da na taɓa yi, har naman da na sata a miya da ƙaramar salla. Can sai na ji abu a bayana, tim! Na ce shi ke nan, giwan ruwa. Ya sake, tim! Tim! Na ɗago fuuu, ina tari, majina har haɓa.

Da na ga ban mutu ba, sai bakin ya dawo.

"Kai, yau ruwan da zurfi! Na kai gaba goma. Har na taɓa hannun tukunyar, wani ƙaton kifi ya kai min duka a baya. Sau uku! Da wata ce da ta haɗiyi ruwa ta tafi."

Ba wadda ta ce kai Lantana. Na goge ido, sai ga Inna Tabawa, tsohuwar da ke wankin wake kusa da mu, riƙe da tukunyar. Da ƙafa ta laluba ta jawo ta.

Kulu ta riƙe ciki ta durƙushe don dariya. Hansatu ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Inna Tabawa ta ce, "'Yar nan, kifin ni ce. Taɓa ki nake ki tashi, an samu."

Na ce, "Inna, har can ƙasa kika biyo ni?"

"Wace ƙasa? Kanki kawai kika tsoma. Bayanki na waje yana shan rana, har Kulu ta rasa inda za ta ajiye sabulu ta ɗora a kai."