Amurkanci a Gida Mai Lamba

"Hai, tsohuwa!"

Gaisuwar da jikana Jibo ya yi mini ke nan, yana tsaye, hannu ɗaya a sama. Wata huɗu rabona da shi, tun da ya samu tuƙin tifa wurin aikin dam ya koma Talata Mafara. Ni ko ina nan Sabuwar Maradun, inda anka zube mu bayan ruwan dam ɗin ya ci garinmu. Na dama fura, amma na lura bai kashe motarsa ba.

"Hai? Jaki kake kora, mijin banza?"

"Amurkanci ke nan, amarya. Ba ki waye ba."

"Mi ne ne shi? Ciwo ne? Shi ya kumbura maka kai kamar sheƙar shamuwa?"

"Yin abu irin na mutanen Amurka. Tara suma, baƙin tabarau, wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa."

"Wanda ka share mini tsakar gida da shi? Madalla, dama tsintsiyata ta ƙare."

"Ji mai haƙori biyu! Ɗaya na Bakura, ɗaya na Faru, ko gaisawa ba su yi."

"Su ma Amurkancin suke."

Ya yi dariya, ya duba agogo.

"Can ba a ɓata lokaci wurin gaisuwa. Kowa da gidansa mai lamba, kowa da harkarsa. Tsoho ma shi kaɗai yake zama, ba mai damunsa."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Ashe na riga ka. Dubi ƙofata, lamba ce anka rubuta da jan fenti. Safara'u da munka yi shekara arba'in katanga ɗaya ta bi ɗanta garin Damri. Kabarin kakanka na ƙarƙashin ruwa. Jiya tun hantsi har la'asar akuya kaɗai na yi wa magana. In wannan ne Amurkanci, kai ɗan koyo ne, ni ce malamarka. Tafi, motarka na shan mai."

Ya juya, ya fita. Na kasa kunne. Sai na ji motar ta yi shiru.

Ya dawo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa bakin tabarma, ya cire tabarau ɗin ya maƙala mini a hanci.

"Kin kada ni, Ba'amurkiya. Ina wuni, Kaka?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

Na tambaye shi gajiya, da aiki, da rana, da tifa, da tayoyinta goma ɗaya bayan ɗaya, har furar ta ƙare.