Ranar Da Za a Haɗa Kafireto

Garejin ya daɗe da daina aiki. Waɗanda suka koyi sana'a a cikinsa sun watse, wasu sun buɗe nasu, wasu sun koma tuƙi. Abin da ya rage shi ne rumfar kwano, benci guda, da wata tsohuwar mota da aka ɗora a kan bulo. Sai kuma mai garejin, wanda tun rasuwar matarsa ya kwaso katifarsa ya dawo ɗakin ajiye kayan aiki, ya ce cikin gida ya yi masa faɗi.

Ya kwance kafireton motar, abin nan da ke haɗa wa inji mai da iska, ya jera kayan cikinsa a faranti. Hannunsa bai manta komai ba, amma ido ya gaza, numfashi ya ragu. Shi ya sa jikarsa, wadda ke aiki a shagon magani, take zuwa duk ranar hutunta ta zama idonsa. Ban da ita ba mai leƙo shi. Yau saura haɗawa kawai, kuma tsohon ya san da an ɗaure noti na ƙarshe, ba ta da sauran dalilin ratso gari ta zo.

"...ya gajiya? Au, na manta, wanda ba ya aikin komai ina zai samo gajiya," in ji ta, tana ajiye jaka a kan benci.

"Lafiya lau, sai kewar mutanen kirki. Ke kuma wa ya kira ki?"

"Kai mana. Ina tsakiyar sallamar mutane wayata ta hana ni sakat."

"Ba ni ba ne. Aljihuna ne ya danna."

"Aljihun naka har ya iya cewa a taho da buroshin haƙori?" Ta miƙa masa. "Ga shi, sabo fil. Abokiyar aikina ta ce na wa ne, na ce na mijina. Kunya ta hana ni gaya mata haƙori biyu gare shi."

"Uku ne. Akwai ɗaya can baya, ba na nuna wa baƙi."

Ya tsoma buroshin a kwanon fetur, ya bi lungunan kafireton a hankali, baƙin datti yana gangarowa. Da ya bushe ya dangwali toka da tsumma ya shiga gogewa, yana juya shi yana lalube da babban yatsa, don da yatsa yake gane inda bai yi santsi ba.

"Kai, Tsoho, ya isa haka. Har fuskata nake gani a jiki."

"Shi ya sa na ga ya dushe nan take. Matsa can, Amarya, kar ki ɓata min aiki."

"Amaryar da aka ajiye a kan benci mai ƙusa! Ni fa na gaji da auren nan. Sakina nake so."

"Na sake ki tun bara, ke ce kika ƙi tafiya."

Ya ba ta jet, ɗan ƙarfen nan mai huda kamar ta allura da mai ke bi, ya ce ta ɗaga shi sama ta duba. Ta ce ba ta ganin haske. Sai ta zare fil daga mayafinta za ta zura. Duk da raunin idonsa ya ga hannun, ya buge shi.

"Kul! Ba a tsokanar jet da ƙarfe. Ki faɗaɗa hudar, mota ta riƙa shan mai kamar yadda kike shan shayin mutane. Hurawa ake yi."

"Ka hura mana."

"Iska tana zurare min ta gefe."

Ta hura, ta yamutsa fuska, ta tofar. "Tir! Wace mace ake aura a shayar da ita fetur?"

"Kakarki ta hura wannan jet ɗin tun ba a haifi ubanki ba. Ko tsaki ba ta taɓa yi ba."

"Ai ita ba mutum ba ce, waliyiya ce."

Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge. Can a bakin titi motoci suna wucewa, ba wadda ta rage gudu.

Da ta juya tana kurkure baki, ya ɗauke allurar mai, ɗan siririn ƙarfen da ke daidaita shigar fetur, daga faranti, ya soke ta a naɗin hularsa. In babu ita kafireto ba ya haɗuwa.

"Af," in ji shi, yana shafa faranti. "Allura ta ɓata. Irinta kuma an daina sayarwa. Sai dai wani hutun ki dawo mu nema."

Ta duba ƙarƙashin benci. Ta ɗauki tsintsiya ta share rumfar kaf, ta tankaɗe ƙasar da yatsu. Shi ma ya sunkuya wai yana taya ta, sai abu ya yi ƙyalli a kansa. Ta sa hannu ta zare.

"Wannan fa?"

"Ɓeraye ne. Sun addabe ni."

"Ɓera mai hawa kan mutum ya yi masa ɗinki a hula?"

Ya zauna, ya tura mata farantin. "To sa ta mu gama. Ki huta da zarya."

Ta sa allurar, ya ɗaure notunan da kansa. Kafireto ya haɗu, sai sheƙi yake. Ta leƙa ɗakinsa don ta ɗauko tsumman rufewa, ta ɗan jima a bakin ƙofa: katifa, rediyo, kofi ɗaya. Ta fito ba tsumman, ta wuce ta ɗaga murfin injin motar, ta leƙa lagireto, ma'ajiyar ruwan sanyaya inji.

"Tsoho, wannan lagireton wa zai wanke?"

"Lagireto lafiyarsa ƙalau. Ni na wanke shi da hannuna."

"Ya toshe."

"Ke me kika sani ban da ƙirga ƙwayoyi? Na ce miki..."

"Ni ce idonka ko ba ni ba ce? Na duba, ya toshe. Aikin nan zai ci hutuna da yawa, kuma duk laifinka ne."

Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya tsaya. Dariya ta kufce masa har da tari, ya share ido da bayan hannu.

"Ya toshe," in ji shi. "Ya toshe ƙwarai da gaske. Birkin ma, in kin lura, ban yarda da shi ba."

Ya zaro sifanar da ba ya ba kowa aro daga aljihun gaban rigarsa, ya goge ta, ya miƙa mata.