Keken da Ba Ya Gaida Manya

Ranar Litinin da hantsi na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na wuce Baba Daudu, yayan mahaifina, yana zaune a gindin bishiyar bedi da dattawa uku, ban sauka daga kan keke ba. Na dai fara gaisuwa, kafin in kai ƙarshenta har na haye kwalbati. Na ɗaga hannu ɗaya don in nuna ladabi, keken ya nufi gonar mutane, na maida hannun da sauri. Daga baya aka gaya mini ɗaga hannun ya fi wucewar ciwo, wai irin na masu neman ƙuri'a ne.

Jama'a, ni Sahabi ba mutum ne mai sauri ba. Ku tambaya a garinmu Zakka. Ni ne ake aika sayen gishiri in dawo an kwashe tuwo, saboda gaishe-gaishe. Abin da ya ja mini shi ne tsadar mai. Tunda fetur ya koma abin da ake zuwa kallo, babur ɗin gidanmu ya zama wurin kwanan kaji. Manyanmu, Allah ya ƙara masu lafiya da inuwa, sun ce wahalar ta ɗan lokaci ce. Ba su dai faɗi da agogon wa za a duba ba.

Shi ne ranar kasuwar Batsari na kai tsohon kekena wurin Mati mai gyaran fanka. Ya cire tayar baya, ya sa wata mai inji a cibiyarta, ya harhaɗa tsofaffin batura cikin rabin jarka, ya ɗaure a kariya da roba. Ya sa totur a hannun dama kamar na babur. Ya ce, "Sahabi, kai da gidan mai sai gaisuwa daga nesa."

Zan faɗi gaskiyar abin nan don masu sha'awa. A kan kwalta, wallahi daɗi. Babu ƙara, babu hayaƙi, iska na shiga ta wuyan riga tana fita ta baya. Amma kwaltarmu nawa take? Da ya shiga yashi sai ya fara kuka kamar akuyar da aka raba da 'ya'yanta. A gargada kuwa baturan ne ke tsalle, kai kana tsalle, haƙoranka na gaisawa da juna. Tashinsa ma babu lallashi. Ka ɗan taɓa totur, sai ya fizge ka kamar jakin da ƙudan zuma ya harba.

Na koma na ce, "Mati, birki fa?"

"Birki na nan daram," in ji shi. "Sai dai shi da injin ba su san juna ba. In totur ya maƙale, ka miƙa hannu baya ka cire jar waya."

"To ai ita jar wayar da kanta take cirewa a gargada."

"Wannan ƙaramin abu ne." Ya ɗauko salatif ya naɗe ta, ya naɗe, ya ƙara naɗewa, har ta yi kamar ɗan yatsan da kunama ta harba. Tun daga nan ba ta sake fita ba. Ko da na nemi ta fita a gaban Baba Daudu, ba ta fita ba.

Batun caji kuma, kada ku tambaya. Bara an zo kusa da mu an ƙaddamar da wurin caji mai aiki da hasken rana. An kafa rumfa, an yanka ƙyalle, Ranka Ya Daɗe Mai Babbar Hula ya yi jawabi har ya share hawaye. Da aka gama hoto aka loda farantan hasken ranar a motar da ta kawo su, wai za a kai su wanki. Har yau ana wankin. Don haka a shagon cajin waya nake caji, shi kuma janareta ne, janareta kuma mai yake sha. Mai shagon ya ce in ina son caji in riƙe masa layi a gidan mai. Ka ga na bar layin mai da babur, na dawo da jarka a hannu. Ci gaba ke nan.

To, da la'asar ɗin Litinin sai ga Inna Tasalla, matar Baba Daudu, ta shigo gidanmu ko zama ba ta yi ba.

"Kai Sahabi, mi ka sha?"

"Inna, ina wuni?"

"Au, ka iya ashe? Babanku ya ce in gaya maka shanun huɗa sun gaji."

Nan take na gane saƙon. An yi ruwa mai kyau ranar Lahadi, kuma Baba ya yi mini alkawarin shanunsa da garma ranar Laraba in huɗe gonar gyaɗata. In laimar nan ta wuce, sai dai in bi ƙasa da fartanya, in shuka bayan kowa, in tona abin da ɓera zai raina. Gyaɗar nan kuwa ita ce man miyarmu da suturarmu na shekara.

Washegari na turo keken da hannu har gindin bedi. Na jingine shi, na durƙusa, na yi gaisuwar Talata, na rama ta Litinin. Baba Daudu ya amsa a taƙaice, yana kallon wani wuri.

"Baba, wallahi ba ni ba ne, keken ne."

"Keke," ya ce. "Shekara arba'in ina hawan keke, ɗan nan, bai taɓa hana ni gaida na gaba da ni ba. Ba ni shi nan."

"Baba, totur ɗin…"

"Ni za ka koya wa?"

Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya hau, ya murɗa. Jama'a, hularsa ce kawai ta tsaya tare da mu. Muka bi shi da gudu, ni da dattawa uku, rigar ta buɗe tana kaɗawa, kaji na watsewa. Ga hanyar kuma ta ƙofar Malam Jinjiri ta bi, surukinsa, mahaifin Inna Tasalla, wanda ya haura casa'in, wanda Baba ke cire takalmi tun daga nesa in zai gaishe shi. Tsohon na zaune a kan buzunsa. Da kunnena na ji Baba ya kwarma, "Malam, Allah gafar…", sauran ya tafi da shi rafi. Kuma ya ɗaga hannu ɗaya. Na gani, mutum huɗu sun gani.

Yashin rafi ne ya tsaida shi. Muka same shi zaune, keken na gefe yana kukan akuya, tayar na juyawa ita kaɗai.

Ina tsaye a wurin nan na ji na yafe wa mutane da yawa. Manyan nan masu motocin baƙin gilashi da ke wuce mu a jere suna watsa mana ruwan kwata, na daɗe ina zaton girman kai ne. Ashe bayin Allah so suke su tsaya su tambaye mu ya gida ya gona, wani Mati ne ya naɗe masu waya. Sai yashin zaɓe ke iya tsaida su, shi ma shekara huɗu-huɗu.

Baba Daudu ya karɓi hularsa, ya kakkaɓe.

"Gobe da sassafe ka zo ka kama shanun," ya ce. "Amma yanzu kai za ka shige gaba ka yi wa Malam bayani. Kuma in Innarku ta tambaya, kai ka tura ni."

Na ce na ji, Baba.

Malam Jinjiri ya saurare mu har ƙarshe. Ya sa aka matso masa da keken, ya shafa sirdi, ya shafa jarkar. Sannan ya tambaya, "Wato wanda ya hau ba ya iya tsayawa gaida na gaba da shi?" Muka ce haka ne. Ya ce, "To ai ni ba ni da na gaba a garin nan. Ku bar mani shi nan kafin mutanen kirki su ƙare."

Laraba na huɗe gonata tas, ƙasa na da laima, Alhamdulillahi. Keken na zauren Malam, an hana shi hawa, amma kullum sai ya sa an goge masa shi.

Na ji ana raɗe-raɗin manya za su raba irin wannan keke a matsayin tallafi. Shawarata, in ana jin shawarar wanda ya tsaya a aji huɗu, a ba 'yan casa'in kaɗai. Tsorona ɗaya. Akwai waɗanda suka shekara goma a ofis suna da shekara hamsin da tara a takarda don gudun ritaya, ranar rabo za a wayi gari duk sun girmi Malam Jinjiri.