Wa Zai Fara Tashi?

"...da gajiya? Ko da yake ina mai gadin kujera zai ga gajiya!"

Dogo ya ɗago. Taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa mai sharar ofishin, ta dogara da tsintsiya. An tashi tun huɗu, ga biyar ta gota, shi kuwa kansa ya ɗaure tamau. Jibi watanninsa uku na gwaji za su cika, ga kuma takardar manaja a hannunsa: gobe ya zo su tattauna matsalar lokaci.

"Ke baiwata, yi shararki. Ni ban gane wa 'yan ƙasar wajen nan da muke aiki da su ba. Baƙon akawun nan, huɗu na bugawa yake kashe kwamfuta ko a tsakiyar kalma yake, an yaba masa. Waccan sakatariyar a tsaye take cin abinci, gaisuwa ma da ka take amsawa, an ƙara mata girma. Ni da ba na motsi sai manaja ya fita, ni ne mai matsala?"

"Aikin me kake yi bayan huɗun?"

"Jira mana. Yaro ya tashi ya bar babba zaune? Haka gwaggonki ta rene ni?"

"Gwaggo ta yi asarar goyo! Shi manajan me yake yi a ciki?"

"Aikin manya."

"Ƙudaje yake ƙirgawa! Jiya ina goge taga na ji yana ba matarsa haƙuri a waya. Wai a ƙasarsu shugaba ba ya tafiya ya bar ma'aikaci, ga shi an kawo masa wani zanƙalele, ko ba shi da gida, ko aikin ya fi ƙarfinsa."

Dogo ya leƙa. Ta gilashin ƙofa ga manaja, jaka a cinya, shi ma yana leƙowa. Suka yi wa juna murmushi, kowa ya gyara zama.

"Wato ni yake jira?"

"Kana jiransa, yana jiranka, ni ina jiranku da makulli. Wata uku! Rashin sani ya fi dare duhu."

"To tashin ne ladabi ko zaman?"

"Tambayi tsintsiyar nan, ta fi ka kai."

Ya miƙe ya nufi ƙofar fita. Ko ƙofa bai kai ba manaja ya fito kamar an kwance akuya, ya warce takardar daga hannunsa ya cusa a aljihu, ya yi waje yana zuba godiya.

Dogo ya fashe da dariya. "Kin ci! Kawo tsintsiyar in taya ki."

"Rufa min asiri, tafi! In ya waiwayo ya gan ka, dawowa zai yi."