Ta'aziyyar Yatsa Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban 'yan koperatif ɗinmu na Gazawa, wato ƙungiyar haɗin gwiwa, ina neman kujerar sakatare ba. Na zauna Abijan, na zauna Kwatano, na ga Tamanraset. Ina jin Faransanci da Larabci da Zabarmanci, Fulatanci ma ina taɓawa. Da na dawo gida sai na ga kowa nawa yake yi (ban da ni, a ganina).

Abin taƙamata ordinater ne, wato kwamfuta. A Abijan na koyi shirya shafi guda mai shuɗayen layuka: ka danna wannan, manhajar lissafi ta buɗe, ka danna wancan, taswira ta fito. Wani ma manhajar saƙo yake buɗewa da rubutu a shirye, suna kawai za ka sa. Aka haska shafin a bangon zauren taro, manoma da makiyaya suna zaune a tabarmi.

Na ce, "A can ba a ɓata lokaci. Aikin da kuke yini a kansa, yatsa ɗaya ne."

Hajiya Rabi, shugabar mata, ta yi lakol, wato boko. Ta ce, "To Alhajin Abijan, wancan na ƙasa fa, da aka rubuta Rasuwa? Shi ma yatsa ɗaya ne?"

Kafin hankalina ya iso, yatsan ya riga ya danna. Hajiya ta karanta da ƙarfi don na baya su ji: "Tun da na ji rasuwar… nan an bar fili… abinci ya ƙi shiga bakina. Rashin nan nawa ne kafin ya zama naka."

Ardo Bello ya miƙe. Abokina ne tun yarinta, kuma ina Kwatano ɗansa ya rasu.

"Alhaji, ba shi ka aiko mini ba ranar da muka rufe Umaru? Na sa an karanta wa uwarsa. Ta ce kai kaɗai ka ji zafin kamar mu."

Wani daga baya ya ce, "Ni ma shi na samu da tsohuwa ta rasu!"

Wani ya ƙara, "Duk wannan rashin cin abinci, ga tumbi kamar randa!"

Aka yi dariya, ban da Ardo. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Da shiru ka yi, da na ce hanya ce ta yi nisa." Ya fita.

Kujerar dai wani aka ba, kuma ba ita ke cina ba. Na hau kabu-kabu na je rugar Ardo. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo nono, ya gaishe ni gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba.

Na goge layin. Yanzu in an yi rasuwa, zuwa nake in yini a zaune (ni da na ce ba a ɓata lokaci). Ordinater ɗin na nan, komai yana buɗewa da dannawa ɗaya. Zuciyar Ardo ce har yau ban samo layinta ba.